Ƙafar Ɗan Fari

Yayana ya dawo daga hannun mutanen daji wata Alhamis da la'asar, da ƙafafunsa biyu, amma ɗaya ta fi ɗaya. Ban gani da idona ba a ranar. Ina Sakkwato wurin aiki matarsa ta kira ni, tana magana tana kuka, har na ɗauka rasuwarsa take sanar da ni. Da na fahimci an sako shi ne, sai na tambaye ta jikinsa. Ta ce ya rame ƙwarai, amma yana magana, yana cin abinci. Abu ɗaya ne kawai, ƙafarsa ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa idon sawu, kuma Baba ya ce zai duba ta da safe. Wannan kalma ta "zai duba ta" ita ta tsinke mini murnar. Na ce mata ta je yanzu ta gaya wa Baba na roƙe shi don Allah kada ya ɗora wa ƙafar nan hannu sai na iso.

Baba mai ɗori ne, kuma mai tausa. Sana'ar ya gada wurin ubansa, a zauren gidanmu na Wurno ya yi ta shekara fiye da hamsin. Tun ina ƙarama nake ganin mutane suna sauka a ƙofarmu, daga Rabah, daga Maikujera, daga ƙauyukan fadama, wasu a kan jaki, daga baya a kan kabu-kabu. Masu karaya kaɗan ne. Yawanci manoman albasa da tafarnuwa ne da suka shekara a duƙe har baya ya ƙi miƙewa. Duk wanda ya shigo kuma, abu ɗaya zai ce: jijiya ce. Jijiya ta hau, jijiya ta harɗe, jijiya ta riƙe. Ban ga laifinsu ba, tunda kalma ɗaya muke da ita. Wadda jini ke bi jijiya ce, wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, wadda ke kai zafi kai jijiya ce, har saiwar itace jijiya muke ce mata. Amma Baba abin yana ba shi haushi.

"Kowa jijiya, kowa jijiya," in ji shi ga wani manomi wata rana. "Kai mutum na ko icce?"

Shi abin da ya sani tantani ne. Ranar layya, in ana fiɗar rago, yakan tsayar da wuƙa ya kira mu. Zai sa yatsa tsakanin fata da nama ya ɗago wani farin abu siriri mai sheƙi, wanda kake hango yatsa ta cikinsa. Ya nuna mana yadda ya lulluɓe kowace tsoka, ya shige tsakanin wannan da waccan, ya bi har ƙashi, ba ka ganin inda ya fara ko inda ya ƙare. Sai ya murza tsoka biyu su zame a kan juna. Daga nan ya yanki ɗan kaɗan ya ɗora a kan katanga, kafin a gama rabon nama ya bushe ya ƙanƙance. Yakan ce haka yake yi a jikin mutum in an daɗe ba a motsa ba, ya kama nama ya hana shi zamewa, mai shi ya zo yana kukan jijiya. Maganinsa man kaɗanya mai ɗumi da hannu mai nauyi wanda ba ya gaggawa. Yaya ba ya tsayawa wannan karatu, hankalinsa yana kan cinikin albasa tun yana saurayi. Ni ce nake tsayawa, ga shi kuwa ba a gadar wa mace zaure.

Da na yi karatun aikin lafiya, sai rabo ya kai ni sashen gashin ƙashi a wani asibiti a Sakkwato, ina taimaka wa likitoci. A can wani likita mai son karance-karance ya tara mu wata rana ya nuna mana hoto mai motsi, irin wanda ake ɗauka da na'urar duba ciki. Bayan mutum ne, ana lanƙwasa shi a hankali, ga wasu farare-fararen layuka a ƙarƙashin fata suna zamewa a kan juna. Nan take na gane su, don na san abin tun ban kai tsawon katanga ba. Ya ce a da masu fiɗar gawa don karatu kankare shi suke yi su zubar, su kai ga tsoka. Yanzu masu bincike sun dawo kansa. Sun ga shimfiɗa ɗaya ce da ta game jiki duka, tana jin zafi da kanta, akwai wani ruwa mai yauƙi tsakanin rufi da rufi, kuma in gaɓa ta daɗe ba ta motsa ba sai zamewar ta ragu. Ya kuma ce ba su gama gardama ba. Wasu na ganin abin ya fi ƙarfin hannu ya miƙar da shi, abin da mai tausa ke yi shi ne ya kwantar wa jiki da hankali har ya saki da kansa. Sannan ya daɗe yana jero mana inda ba a taɓawa sam.

Ƙarshen makon na tafi gida da ɗoki, na nuna wa Baba hoton a waya. Ya kalla sau uku, ya miƙo mini.

"To mi sunka gano wanda mahaucin unguwag ga bai sani ba?"

Ya faɗi haka, amma na ga daɗin a fuskarsa. Ni kuma na ƙara wa miya gishiri. Na ce masa manyan likitocin duniya sun dawo kan maganarsa. Gardamar da ke tsakaninsu ban faɗa ba, jerin wuraren da ba a taɓawa ma ban faɗa ba, don ba na son in rage masa daɗi. Wannan laifina ne, kuma na sani. Daga ranar komai ya zama tantani a wurin Baba. Ciwon kai tantani, kumburin ciki tantani. Mutumin da ya shekara hamsin yana yi wa jama'a faɗa a kan kalma ɗaya, sai ga shi ya samu tasa.

A shekarun ne hanyoyinmu suka lalace. In gero ya yi tsawo har ya rufe mai babur, sai gari ya shiga taitayinsa. Waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba, kowa ya dubi ɗan'uwansa kafin a ɗauka. Sai wasu irin marasa lafiya suka fara zuwa zaurenmu, waɗanda aka sako daga daji. Ba sa cewa jijiya, ba sa cewa komai. Su zauna su tuɓe riga, ka ga sawun igiya a damtse. Na tuna wani dattijo daga wajen Shinaka da aka ɗaure hannuwansa ta baya kwanaki da yawa, ya dawo ba ya iya ɗaga su ko don kabbara. Baba ya yi mako shida yana bin kafaɗunsa da mai, kaɗan-kaɗan, yana sa shi ya taka bango da yatsu. Ranar da hannun ya kai kunne, dattijon ya fashe da kuka. Gaskiya Baba ya taimaki mutanen nan, babu mai ƙwace masa wannan. Ya kuma saba da su har yana ganin duk abin da daji ya ɗaure, hannunsa zai kwance.

Sai abin ya zo gidanmu. Yaya ya tafi Goronyo neman irin albasa a tsakiyar damina, aka tare motarsu a hanyar dawowa. Ya yi kwana hamsin da biyu a hannunsu, ɗaure da sarƙa a ƙafar hagu, a gindin itace ɗaya, ba ya tashi sai don lalura.

A cikin kwanakin nan na ji haushin mahaifiyarmu ƙwarai. Yaya ɗan farinta ne, kuma Inna ta tsohuwar tarbiyya ce. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama inda yake zaune ba. In ya zo gaishe ta, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa wa bango. In dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Mun taso mun ga haka, ba mu ɗauke shi komai ba, kunyar ɗan fari ce. Amma da aka sace shi na zaci kunyar za ta tsage. Ba ta tsage ba. Mu muna kuka, ita tana daka. In an gama waya da mutanen, ba ta tambaya, sai can da yamma ta ce wa iska, "Ko an ji labarin matahiyan nan?" Wata rana na kasa haƙuri na ce mata ɗanta ne fa, ba ɗan maƙwabta ba. Ta dube ni ta ce in miƙo mata rariya.

Ranar Juma'a da hantsi na iso Wurno. Tun daga bakin layi na san gidan ya cika, takalma har waje. An kwantar da Yaya a ɗakin da ke kusa da zaure don masu zuwa barka. Na ga mutum kamar an wanke shi an matse, idanu sun faɗa, gemu ya yi furfura a wata biyu. Ya yi mini murmushi. Ni kuwa ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ɗage zanen da aka rufa masa.

"Ke, ba a ko barka sai dibi?" in ji shi.

Ƙafar dama siririya ce kamar sauran jikinsa. Ta hagu kuwa sharaɓarta ta cika tam, fatar ta miƙe tana ƙyalli, ta yi duhu. Sawun sarƙar a idon sawu ya bushe, babu ruwa, babu ƙurji. Na sa bayan hannuna, na ji zafi, na taɓa ɗayar na ji sanyi. Na tambaye shi ko ya faɗi ko an doke shi a wurin, ya ce a'a, kwana huɗu ke nan ta fara ciwo ita kaɗai, tafiyar fitowa ta ƙara mata. Wannan ita ce ta farko a jerin da likitan nan ya yi mana.

Na tarar da Baba a zaure, ya sallami mutane, ya ajiye gwangwaninsa na man kaɗanya a rana ya narke. Ya riƙe alkawarin jira, amma ya shirya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina da magana.

"Baba, wanga ba tantani na ba. Jijiya ta."

Ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga gare shi tun da aka ɗauke Yaya.

"Ke ma kin koma cikin 'yan jijiya? Ina amhwanin karatun?"

Na ce jijiyar jini nake nufi, babba, wadda ke can ciki tsakanin tsoka. Na ce mutum in ya daɗe zaune wuri ɗaya, ga ƙishirwa, ga ɗauri, jini yakan daskare a cikinta ya yi guda. Muddin gudan yana maƙale a inda yake, ƙafa kawai ke ciwo. In aka matsa ya ɓalle, jini zai ɗauke shi ya kai huhu ya toshe, kuma wani ko salati ba ya ƙarasawa. Na ce hoton da zai nuna sai Sakkwato, can za a ba shi maganin tsinka jini, yau ba gobe ba.

Fuskarsa ta canja. "Shekara nawa ina taɓa ƙahwahun mutane? Nawa na warware cikin waɗanda anka sako? Ɗiyan wasu na yi ma, nawa za a ce in zuba mai ido? Ke da bakinki kinka ce likitoci sun yarda da ni."

"Sun yarda da kai bisa tantani, Baba. Nan cewa sunka yi a ɗauke hannu. Ni ce ban hwaɗa maka ba."

"Don mi?"

Bai jira amsata ba. Ya tashi ya shiga ɗakin Yaya, na bi shi. Ya tsuguna a gaban Yaya ya daɗe yana kallon ƙafar. Ya miƙa hannu, na buɗe baki, sai na ga bayan hannun ya ɗora, a hankali, ya ɗauke. Da muka fito ya tsaya yana duban ƙasa.

"Tsohona ya taɓa hwaɗa man," in ji shi. "Ƙahwa guda, ga zahi, ga kumburi, babu rauni, a bar ta ga Allah. Na manta. Tahi ki nemo mota. Na ɗauke hannuna."

Na yarda da shi rabi da rabi, don na ga bai ɗauke gwangwanin daga rana ba. Saboda haka na bi kowa da gargaɗi. Na gaya wa Yaya da kansa, dalla-dalla, har abin da zai faru in an matsa. Na gaya wa matarsa. Na gaya wa ƙannen Baba biyu da ke karɓar baƙi, don na san tsofaffinmu, ba sa iya gaida mara lafiya ba su kama masa ƙafa ba. Har maƙwabciyarmu na tare a ƙofa na ja mata kunne. Inna tana can ƙarshen gida wajen murhu, ta ba ɗakin baya, tana tuƙa abincin baƙi. Na gaishe ta a tsaye na wuce. Ban ga abin da zan gaya mata ba, tunda ko ƙofar ɗakin ba ta kallo.

A tasha na sha wahala. Juma'a ce, an kusa kiran farko, kowane direba ya ce sai an sauko. Na yi magiya, na yi faɗa, har wani ya ce in mutuwa ce ai ba ta jiran mota, in ba ita ba ce kuma za ta jira liman. Na zage shi a zuciyata. A ƙarshe wani ya yarda zai kwashe kujerar baya a shimfiɗa katifa, amma shi ma bayan salla. Na ji tsoron in na koma gida wani zai riga ni, don haka na zauna a inuwar motar ina gadinta. Gari ya yi tsit, maza duk sun tafi masallaci. Ina jin huɗuba daga nesa, ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Abin da nake ta lissafi shi ne ramukan hanya, da yadda za a tallafe ƙafar kada ta bugu.

Da muka iso da mota, an sauko. Baba yana zaure da mutane huɗu ko biyar, hularsa ta Juma'a a kai. Na wuce su na shiga ɗakin. Tun daga labule ƙamshin ya tare ni.

Yaya yana barci, barci mai nauyi, bakinsa a ɗan buɗe. An rufa masa zane da kyau har wuya. Na ɗage. Daga gwiwa har yatsu ƙafar tana sheƙi da mai, an bi ta ko'ina, har tsakanin yatsun. Gwangwanin yana gefen katifa, an rufe shi.

Ban san lokacin da na isa zaure ba. Abin da na faɗa wa mahaifina a gaban baƙinsa, ba zan rubuta shi duka ba. Na ce ya yi mini alkawari ya karya. Na ce girman kai ya sa ya fifita hannunsa a kan ran ɗansa. Na ce in wani abu ya samu Yaya, kowa ya shaida shi ya kashe shi. Ina da zafin rai, gidanmu duk sun sani, amma ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Mutanen suka sunkuyar da kai. Baba ya tashi ya shiga ɗakin, ya dubi ƙafar, ya dubi gwangwanin. Ya fito ya tsaya a tsakar gida yana kallon can wajen murhu, inda babu kowa. Sannan ya juyo.

"Ni na," in ji shi, da ƙarfin da baƙin za su ji. "Ɗauke shi ku tahi."

Aka ɗauko Yaya a kan katifar aka sa a mota. Matarsa ta zauna gaba, ni na zauna a baya na rungume ƙafar a kan matashi. Baba bai biyo mu ba, ni kuma ban ce ya zo ba. Direban ya yi ƙoƙari, yana bin ramukan a sannu. Gero ya tsaya a gefen hanya hagu da dama, ya fi motar tsawo, amma ranar ban ko tuna da tsoronsa ba. Idona yana kan ƙirjin Yaya, ina ƙirga numfashi. Ya farka bayan mun bar gari, ya ce ƙafar ta yi masa sauƙi.

Mun wuce Achida da kaɗan ya taɓa hannuna.

"Na ji abin da kinka ce ma Baba. Ki roƙe shi gahwara. Ba shi na ba."

"To wa?"

"Inna ta."

Na ɗauka zazzaɓi ne ke magana. Matarsa ta juyo daga gaba, ta sunkuyar da kai, sai na gane gaskiya ne. Ta ga surukarta ta nufi ɗakin, kunya ta kama ta, ta bar musu wurin. Yaya ya ce da gidan ya yi shiru, sai ya ji an ɗaga labule. Inna ta shigo da gwangwanin a hannu, ba ta yi sallama ba, ba ta dube shi ba. Ta zauna a ƙarshen katifa ta juya fuskarta bango, ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinyarta. Ta fara daga idon sawu, inda sarƙar ta ci, tana turawa sama, kamar yadda ta shekara tana ganin Baba yana yi. Ya ce hawayenta ne kawai yake ji suna ɗiga a ƙaurinsa.

"Na hwaɗa maka," na ce. "Na hwaɗa maka abin da ka iya hwaruwa. Don mi ba ka hana ta ba?"

"Shekarata arba'in da ukku," in ji shi. "Ban san hannunta ba sai yau. Ke ce, kina cewa ta bari?"

Yana murmushi, ni kuma ina kuka don haushi. Ba a fi minti goma ba ya ce in ɗaga shi, ƙirjinsa ya yi nauyi. Na ɗaga shi. Ya fara jan iska da sauri-sauri, iskar ba ta isarsa. Ya yi tari sau biyu. Gumi ya keto masa, leɓɓansa suka canja. Na ce wa direba ya manta da ramuka. Na san sunan abin, na san yadda yake tafiya mataki-mataki, kuma babu abin da sanin ya ba ni in yi sai riƙe kansa da laƙƙana masa kalmar shahada. Ya karɓa sau ɗaya. Muna hango gidajen farko na Sakkwato ya saki hannuna.

Likitan da ya duba shi abokin aikina ne. Na gaya masa komai. Ya ce irin wannan guda yakan ɓalle ko ba a taɓa ba, girgizar mota ma ta isa, tashi zuwa bayi ma ya isa, babu mai iya rantsuwa a kan abin da ya ɓalle shi. Na san gaskiya ya faɗa, ba lallashi ba ne kawai. Amma "babu mai iya rantsuwa" bai taɓa sa ni barci ba.

Maganar da na yi a zaure ta riga gawar isa gari. Kafin sadakar uku, Wurno duk ta ji cewa mai ɗori ya matse ɗansa ya mutu, kuma 'yarsa ma'aikaciyar asibiti ce ta faɗa. Baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa wuyan Baba ya yanka. Mutane suka daina zuwa. Waɗanda suka zo ma ya ce musu hannunsa ya tsufa. Na same shi shi kaɗai na durƙusa na roƙi gafara, na ce zan bi gida-gida in ce ƙarya na yi masa.

"In kin ce ba ni na ba, za a ce wa na," in ji shi. "Bar shi hakanan. Ni ina iya ɗauka."

Muka ja wa matar Yaya kunne, ta yi rantsuwa. Inna kuwa abin da ya iso kunnenta shi ne na yi wa Baba rashin kunya a kan ya hana a kai shi asibiti da wuri. Haka Baba ya shirya mata zancen, mata masu zuwa gaisuwa kuma ba su da fuskar da za su ce mata mijinta ya kashe ɗanta. A zaman makoki ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ana yi mata ta'aziyya tana cewa a yi wa uban yaron.

Bayan sadakar arba'in, ina shirin komawa aiki, na same ta a ɗakinta tana tsintar shinkafa. Na zauna ina taya ta. Can ta ce, idonta a kan faifai, akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba, kuma kada in yi mata dariya. Ta ce ranar Juma'ar nan, da maza suka tafi masallaci, ta shiga wurin wancan. Ta ce ta ga kowa yana kewaya ƙafar nan, har ubansa mai sana'ar, an bar shi da ciwo ba mai taimakonsa, ta kasa. Kullum in ta kwanta, in ji ta, da wannan take samun sanyi, cewa Allah bai ɗauke shi ba sai da ya ba ta ikon yi masa abu guda da hannunta.

"Ke da kinka raka shi," ta ce, "ya ce miki wani abu? Ta yi mai sauƙi?"

Na dubi hannuwanta a cikin shinkafar. Tana jira.

"Ta yi mai sauƙi, Inna," na ce. "Da bakinai yac ce man."

Ta gyaɗa kai, ta ce alhamdu lillahi, sannan a hankali, karo na farko da na taɓa ji a rayuwata, ta kira sunansa.